Afuwa ga tubabbun 'yan daba: kashe daba take yi ko raya ta?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ga ra'ayina, masu ilimin abin su auna shi: afuwar da ake yi wa tubabbun 'yan daba a Kano gindin zama take ƙara wa daba. Tun 2023, da kwamishinan 'yan sanda Muhammad Usaini Gumel ya buɗe ƙofa ya ce duk wanda ake nema ya kawo kansa da makaminsa, ake ta wannan hidima. A shimfiɗa tabarma a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, a jera adduna da barandami da gariyo da wuƙaƙe, a ɗauki hoto, samari su yi alkawari, a watse. Sama da 200 aka yafe wa a shekarar, har aka ɗebi 50 daga cikinsu aka ba su kakin 'yan sandan sa-kai. To faɗan Ƙofar Mata da Yakasai ya tsaya? Na Kurna da Rijiyar Lemo fa? Mutanen Ɗorayi da Sheka sun samu barci? Yaro ɗan shekara 15 yana bakin lungu yana kallo. Abin da ya koya shi ne, wanda ya yi suna a sara shi hukuma ke kira ta zauna da shi, wanda ya kama ɗinki ko facin taya kuwa ba wanda ya san yana raye. Ni a wurina a daina. Wanda ya ɗauki makami a kai shi kotu.

Tsohon Ɗan Sanda:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, zafin da kake ji gaskiya ne, amma "a kai shi kotu" ta fi sauƙi a baki. Bari a warware yadda daba take tukuna.

Kowace daba hawa uku ce. Akwai 'yan tsakiya, waɗanda ba su da yawa, su ne ke yanke shawarar fita, su ke da alaƙa da dillalin ƙwaya da ɗan siyasa, kuma yawancin sara da kisa daga hannunsu yake fitowa. Akwai na biye, masu fita idan an ce an taɓa ɗan unguwa, washegari kuma ka gan su a gareji ko a kasuwa suna dako. Sai ƙananan yara masu ɓoye makami a kango ko cikin kwata, masu leƙen motar sintiri, masu zuwa sayo kaya. Idan aka yi faɗa da daddare aka aika mota uku, kafin su isa 'yan tsakiya sun tsallake katanga. Wa za a tarar? Na biye da ƙananan yara da mai shayi da wanda ya fito sayen maganin sauro. Kamen kan mai uwa da wabi ke nan. A kwashi mutum 40, babu shaida a kan kowa sai wuƙa biyu da aka tsinta a ƙasa, ba a san mai su ba. Tsarin mulki, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 ko 48. Sai a rubuta musu haɗa baki da tayar da hankalin jama'a, majistare ya ba da beli, cikin mako guda sun dawo. Wanda ba shi da mai tsaya masa kuma ya tafi gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse, ya shiga bai san kowa ba, ya fito da lambar manyan dabobi biyar.

Sannan mutanen unguwa ba sa zuwa ba da shaida. Ba rashin kishi ba ne. Gidan mai shaida da gidan wanda ake tuhuma katanga ɗaya ce ta raba su, kuma kowa ya san belinsa za a yi.

Amfanin kiran tuba na farko shi ne rajista: suna, laƙabi, hoto, zanen yatsa, unguwa, sunan uba, wanda ya tsaya masa, dabar da yake, dabar da suke gaba da ita. Wannan bayanin ko an shekara ana sintiri ba a samunsa. Inda ake kuskure shi ne a tattara shi a sa a durowa, a sauya wa kwamishina wurin aiki, wanda ya gaje shi ya zo da nasa salon.

Barista:
Yallaɓai, na yarda da kai a kan kamen taro, amma akwai abin da ya kamata a faɗa ƙarara: ɗan sanda ba shi da ikon yafe laifi. Mutum biyu ne tsarin mulki ya ba wa wannan dama a jiha. Antoni janar na iya janye ƙara a ƙarƙashin sashe na 211, gwamna kuma na iya yin afuwa a ƙarƙashin sashe na 212 bayan ya tuntuɓi kwamitin jinƙai. Duk "afuwar" da ba ta bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba, alkawarin baka ne cewa ba za a kama ka yau ba. Wannan yana cutar da ɓangare biyu. Tubabben ba shi da takardar da za ta kare shi gobe, shi ya sa manyansu da yawa ba sa fitowa, sai su turo yara. Wanda aka sare wa hannu kuma ba shi da inda zai kai kuka, domin ba a buɗe fayil ba balle a ce an rufe.

Laifukan ma ba ɗaya ba ne. Ɗaukar makami, shiga taron faɗa da rauni mara tsanani suna karɓar sulhu. Kisan kai, sashe na 221 na kundin Penal Code, hukuncinsa kisa ne, kuma ba ya cikin laifukan da ake sasantawa a ofishin 'yan sanda. Fashi da makami ma haka. A watan Mayun 2023 majalisar tsaro ta jihar Kano ta ce za a riƙa ɗaukar ƙwacen waya da makami a matsayin fashi. Daidai ne a doka, sai dai ga inda yake maƙalewa: majistare ba shi da hurumin sauraron fashi ko kisa. Ajiye mutum kawai zai yi a gidan gyaran hali, 'yan sanda su aika kwafin fayil ma'aikatar shari'a, lauyan gwamnati ya ba da shawara, sannan a shigar da ƙara babbar kotu. Kowane mataki a nan yana iya cin watanni. Kafin a fara shari'a an mayar da ɗan sandan da ya yi bincike wata jiha, mai wayar ya gaji da zirga-zirga, wuƙar da aka kama ba a rubuta mata lamba ba. Ƙara ta mutu.

Saboda haka, Baban Khalifa, kotun da kake kira tana buƙatar gyara kafin ta ɗauki wannan kaya: alƙalai biyu ko uku da aka ware wa shari'ar daba kaɗai, wa'adin kwana 14 ga ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, da ɗaukar bayanin mai shaida a bidiyo tun ranar farko.

Malam Na Zaure:
Barista, Allah ya ƙara basira. Abin da ka faɗa yana da asali a fiƙihu, kuma ya kamata masu shirya taron tuba su san shi tunda da sunan tuba suke kiransa. Tare hanya da makami a tsorata mutane a ƙwace musu dukiya shi ne hiraba, hukuncinta na cikin Suratul Ma'ida aya ta 33. Aya ta 34 ta keɓe waɗanda suka tuba tun kafin a ci ƙarfinsu. Ka ga ke nan kiran mutum ya miƙa wuya da kansa ba baƙon abu ba ne a addini. Amma malamanmu na Malikiyya sun yi bayani: abin da tuba ke kayarwa shi ne haddin hiraba, wato haƙƙin Allah. Haƙƙin bayi yana nan daram. Dukiyar da ya ƙwace sai ya mayar, jinin da ya zubar kuma magana ce ta waliyyan mamaci, ko su nemi ƙisasi, ko su karɓi diyya, ko su yafe don Allah. Gwamna ba waliyyin jini ba ne, kwamishina ma haka. Duk taron da aka yi aka tashi ba a kira uwar da aka kashe wa ɗa ba, an yi kitso ne a kan ƙwarƙwata. Ƙanin mamacin yana gida yana wasa wuƙa, ranar Sallah ko ranar wani hawan angwanci zai fito neman fansa, a koma gidan jiya.

Baban Khalifa:
Malam, ai ka ƙarfafa maganata ne. Ba a kiran waɗanda aka zalunta. To me ya rage a cikin afuwar?

Maman Hanifa:
Abin da ya rage, Baban Khalifa, shi ne ba a taɓa yin ta yadda ya kamata ba, sai a ce ta gaza. Ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana, domin rantsuwar mutumin da jikinsa ya saba da ƙwaya ba ta wuce kwana uku, ko da ya yi ta da zuciya ɗaya.

Binciken shan ƙwaya na ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a cikin shekara guda. A watan Mayun shekarar aka hana kodin, sai kasuwa ta ƙara karkata ga tiramol, ekzol, roci, diyazafam, ga wiwi da sholisho da suke nan tun da. Tiramol ɗin da aka yarda a sayar a kantin magani mai miligiram 50 ne ko 100. Wanda ke yawo a daba mai 200 ne, 225, har 250, kuma ana haɗiye biyu ko uku a tashi ɗaya, alhali wuce 400 a yini yana iya kawo farfaɗiya. Shi ke sa a sari yaro ya ci gaba da gudu bai san an sare shi ba. Ekzol kuma yana rikita tunani, mutum ya ga abin da babu.

Yanzu a ce ya tuba ranar Litinin ya daina sha. Kafin Talata da yamma ya fara hamma, hawaye, majina, ciwon gaɓɓai, zawo, rashin barci, ga baƙin rai. Laraba da Alhamis abin ya kai ƙololuwa. Sai an yi kamar mako guda jiki ke lafawa, sha'awar kuma ta yi watanni tana dawowa. Mai shan roci ko diyazafam kullum, shi yanke masa lokaci ɗaya ma haɗari ne, yana iya jijjiga har ya rasa ransa. Rage masa ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni a hannun likita. Ina aka tanadi wannan a taron tuba? Dillalin yana nan a lungun da ya baro, kuma zai ba shi bashi.

Tsarin da zai yi aiki: gwajin fitsari ranar rajista, a ware masu buƙatar kwanciya a kai su Dawanau ko wata cibiya mai likitan ƙwaƙwalwa na mako biyu zuwa huɗu, saura su riƙa zuwa asibitin unguwa sau ɗaya a mako, a maimaita gwaji ba tare da sanarwa ba har wata shida. Wata ukun farko su ne mafi haɗarin komawa. Kuma don Allah iyaye a daina kai yara gidajen mari ana ɗaure su da sarƙa. Abin da aka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019 ya isa darasi.

Ɗan Gombe:
Hajiya, duk abin da kika lissafa daidai ne, amma ko an yi shi, idan ba a taɓa mai ɗaukar nauyi ba an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ku dubi Gombe. 'Yan kalare sun yi ƙarfi ne daga zaɓen 2003, har ƙungiyar Human Rights Watch ta ba su babi guda a rahotonta na 2007 kan siyasar daba a Najeriya. Da Ibrahim Hassan Ɗankwambo ya hau a 2011 ya haramta kalare, aka kwashi matasa aka horar da su, aka ba su aikin kula da hanya da tsaftar gari da tsaron unguwa, da ɗan alawus a wata. Gari ya yi sanyi na wani lokaci, wannan ba a musu. Amma kalare ta mutu? A Nuwamban 2021 an yi arangama a hanyar shiga Gombe tsakanin magoya bayan manyan 'yan siyasa biyu na jam'iyya ɗaya, aka rasa rayuka. Sara-suka a Bauchi da Jos, ekomog a Maiduguri a shekarun baya, duk labarin ɗaya ne: ana bukatarsu wata shida kafin zaɓe, a watsar da su mako guda bayansa, makamin da aka saya musu kuma yana hannunsu.

Ku a Kano kun ga abin da ya faru a mazaɓar Gama ranar 23 ga Maris 2019, ranar da aka ƙarasa zaɓen gwamna. Waɗanda suka cika rumfunan nan da gora da adda ba da kuɗin aljihunsu suka hau mota ba. Sashe na 227 na tsarin mulki ya hana kowace ƙungiya tara mutane ko horar da su ko ba su kayan aiki don nuna ƙarfi a siyasa, Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta hana. Sharaɗin afuwa na farko ya kamata ya zama: faɗi wanda ke ba ka kuɗi, nawa, ta hannun wa, a rubuce, a gaban lauya. Ba a tambayar wannan, kuma kowa ya san dalili. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Badamagare:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu a Damagaram abin da kuke kira daba muna ce masa pale. A bambanta shi da fada: fada majalisar samari ce ta shan shayi da hira, kowane kartiye akwai ta, ba laifi a ciki. Pale ita ce mai shugaba, mai suna na tsoratarwa, mai wurin ɗaga ƙarfe da suke haɗawa da siminti da tsofaffin kayan mota, mai yankin da wata pale ba ta isa ta taka ba. Ƙara-Ƙara, unguwar da tun asali aka ware wa kutare da makafi a bayan gari, nan abin ya fi ƙamari, domin yaran can sun tashi ba lakwal, wato makarantar boko, da yawa ba su da ko takardar haihuwa. A tarzomar Janairun 2015 da aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, an ga hannun irin waɗannan samari.

Abin da ya rage faɗan pale bai zo daga komisariya kaɗai ba. Da yawa daga shugabanninsu sun girma, sun yi aure, sun samu abin yi: kabu-kabu, gadi, fasa dutse, da ruwa-ruwa, wato sayar da man da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarka. Mai jarka goma a bakin hanya ba ya son faɗa a kartiyensa, domin faɗa na jawo jandarma. Da aka cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023 ribar ruwa-ruwa ta karye, kuma duk mai lura ya san abin da hakan ke nufi ga samarin da suka dogara da ita. Shi ya sa nake ganin Baban Khalifa ya yi gaskiya rabi: hoto da rantsuwa ba sa hana komai. Abin da mutum zai yi asara idan ya koma, shi ke riƙe shi.

Mai Gyaran Waya:
A ƙara da wannan, don ana ta maganar siyasa, alhali tsakanin zaɓe da zaɓe waya ce ke ciyar da daba. Ga yadda take tafiya. Mutum uku a adaidaita sahu, ɗaya na tuƙi, biyu a baya kamar fasinjoji, ko kuma a ƙafa a bakin lungu bayan magariba. Wuƙa a ciki ko a cinya, a karɓe waya. Cikin minti biyu an kashe ta an zare layi. Idan ba ta da makulli, kafin a jefar da layin an gwada lambobin banki an kwashe abin da ke asusu. Daga nan sai hannun mai karɓa, wanda ke biyan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na kuɗinta, a take. Ƙaramar waya a goge ta a sayar a wata jiha ko a tsallaka da ita iyaka. Babbar da ta ƙi buɗuwa a farke ta: gilashi daban, batir daban, kyamara daban.

Masu ƙwace ɗaruruwa ne, masu karɓa kaɗan ne, kuma suna da wurin zama. Sashe na 317 na Penal Code ya tanadi hukuncin karɓar kayan sata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A wajabta wa duk mai sayen tsohuwar waya a Farm Centre da Beirut da sauran kasuwanni littafi: lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da ita, hoton mai sayarwa, lambarsa ta NIN, kwali ko rasit. Wanda aka samu da waya ba ta cikin littafinsa, ƙungiyar kasuwa ta rufe shagon kafin 'yan sanda su zo. Masu gaskiya a kasuwar, waɗanda su ne mafi yawa, su za su fi kowa murna. Jama'a kuma kowa ya danna *#06# ya rubuta lambar a takarda a gida, ya sa wa layinsa makulli. Rahoton da ba IMEI ba a iya bin sawunsa.

Dakta:
Ina so in koma kan ainihin iƙirarin, domin an gwada abin nan a wasu wurare an auna sakamako.

Kafin nan, gyara ɗaya ga masu cewa 'yan daba almajirai ne. Binciken da malaman Jami'ar Bayero suka yi tun shekarun 1990 ya nuna yawancin 'yan daba 'yan gari ne, da gidan ubansu a unguwar. Asalin abin ma daga farauta da tauri ya taso, daba matattarar mafarauta ce, sai siyasar NEPU da NPC a shekarun 1950 ta jawo su ta mai da su 'yan banga. Rufewar masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da hana acaɓa a Janairun 2013, duk sun ƙara yawan hannayen da ba su da abin yi.

A Monrobiya ta Laberiya an ɗauki matasa 999 masu irin wannan rayuwa, ɓarayi da dillalan ƙwaya da tsofaffin mayaƙa, aka raba su kashi huɗu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ba su dala 200 kawai. Kashi ɗaya aka yi musu mako takwas na zaman gyaran tunani: yadda mutum zai gane fushinsa na tasowa, ya dakata, ya yi shiri na gobe, ya yi aski ya sa tufafi masu tsafta ya shiga banki ko kanti a karɓe shi kamar kowa. Kashi na uku aka haɗa musu biyun, na huɗu ba a ba su komai ba. Masu kuɗi kaɗai, kafin shekara tasirin ya gushe. Waɗanda aka haɗa wa biyun, sata da sayar da ƙwaya sun ragu da kusan rabi, kuma da aka koma bayan shekara 10 bambancin yana nan. Masu koyarwar ma tsofaffin 'yan titi ne.

A Boston ta Amurka kuwa, a 1996, an gano cewa 'yan ƙungiyoyin da ba su wuce kashi 1 cikin 100 na matasan birnin ba su ke da hannu a kusan kashi 60 na kisan matasa. Aka tara su a ɗaki ɗaya da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara da limaman coci da masu samar da aiki. Saƙo biyu: ga taimako ga mai so, amma duk ƙungiyar da ɗanta ya sake kisa, dukkanta za a bi da kowace tuhuma da doka ta yarda. Aka kuma cika alkawarin a kan ƙungiyar farko da ta karya. Kisan matasa ya ragu da kusan kashi 63.

Abin lura, a duka biyun ba a ce da kowa "an yafe maka" an sallame shi ba. Namu yana da kiran, ba shi da bibiyar, ba shi da hukuncin wanda ya karya.

Baban Khalifa:
Dakta, na karɓi wannan. Idan haka za a yi, ba ni da ja. Amma abu biyu ban sauka a kansu ba. Na ɗaya, kaki. Mutumin da unguwa ta sani da sara, a ba shi kaki ya tsaya a titin da ya tare jiya? Na biyu, adalci ga yaron kirki. A ba tubabbe keken ɗinki da jari, maƙwabcinsa da ya gama sakandare bai taɓa riƙe wuƙa ba yana zaune.

Tsohon Ɗan Sanda:
A kan kaki ina tare da kai. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta sa kyakkyawan hali cikin sharuɗɗan ɗan sandan sa-kai. Hujjar masu yi ita ce ɓarawo shi ya san sawun ɓarawo. Gaskiya ne ya san lungu, amma yana da abokan gaba, kuma kaki zai ba shi damar rama tsohuwar gaba da sunan aiki. A yi amfani da shi a matsayin mai shiga tsakani: idan an sari ɗan Zango da yamma, shi zai je wurin abokan yaron kafin isha ya hana fita ramuwa, domin awannin farkon nan ne ake yanke shawara. A biya shi a kan wannan, ba kaki, ba sanda, ba ikon kama kowa, kuma bayan ya yi aƙalla shekara guda gwajinsa na fita da tsabta.

Maman Hanifa:
Na biyun kuma maganinsa a lissafi yake. Duk gurbin koyon sana'a ɗaya da aka ba tubabbe, a ba yara biyu na unguwar da ba su da tabo, mai unguwa da limami da shugabar makarantar Islamiyya su zaɓo su. Kuma a daina raba kayan sana'a ranar taro, washegari suna kasuwa an sayar. A biya ubangidan sana'a kai tsaye, a ba yaro kuɗin abinci da mota duk Juma'a bisa sa hannun halarta, kayan aiki sai ya cika wata shida. A ce tubabbu 500 da yaran kirki 1,000, kowa naira 30,000 a wata har wata shida: miliyan 270 ke nan. A gwada shi da abin da ake kashewa a gangamin siyasa guda. Cibiyar gyaran tarbiyya ta Ƙiru tana nan, ba sai an gina sabuwa ba.

Barista:
To sai a rubuta shi ya zama doka ta majalisar jiha, kada ya tsaya a jawabin kwamishina. A tace kafin a karɓa: a liƙa sunayen masu neman afuwa a ƙofar mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yanki kwana 21, duk mai ƙorafin jini ko rauni ko fyaɗe ya kai wa ma'aikatar shari'a a asirce. Wanda aka samu da irin wannan ƙorafi fayil ɗinsa ya tafi kotu, miƙa wuyansa ya zama dalilin sassauci kawai. 'Yan ƙasa da 18 a bi da su ta Dokar Kare Yara ta Kano ta 2023, kada a haɗa su ɗaki da manya. Saura a dakatar da tuhumarsu shekara biyu bisa sharaɗi, a rubuce, da sa hannun antoni janar. Wanda ya karya, tsohuwar tuhuma ta tashi tare da sabuwa.

Ɗan Gombe:
Barista, ka manta da layin sunan mai ɗaukar nauyi a takardar.

Barista:
Ban manta ba, ɗan'uwa, tunanin inda za a ajiye ta nake yi. Idan takardar ta tsaya a ofishin da ɗan siyasa ke naɗa shugabansa, yaron da ya faɗi suna shi zai fara kwana a Kurmawa. Sai dai a yi kwafi uku a rufe: ɗaya wurin babban jojin jiha, ɗaya wurin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ɗaya wurin reshen ƙungiyar lauyoyi, kuma a ɗauki bayanin a gaban majistare da rantsuwa, yadda ko yaron ya janye daga baya maganarsa tana nan a rubuce.

Malam Na Zaure:
A ƙara mutum ɗaya a zaman tacewar: wakilin gidan da aka yi wa ɓarna, ya zauna a kujera, a tambaye shi kafin a sa hannu.